Askata da Takardun Dogon Mushe

Jiya da hantsi ina zaune a rumfa ina fere bakin fata, sai na ji ɗayanku yana gaya wa abokinsa wai dukanci ba wani abu ba ne, yanka ne da ɗinki, ko makaho ya iya. Da ma malaminmu na ajin manya ya ce kowa ya rubuta labarin sana'arsa, na yi kwana uku ina juya fensir ban san ta inda zan kama ba, sai ga shi an miƙo mini bakin zaren. Kuna kirana Baba Jakada, wasunku har suna zaton sarauta ce aka naɗa mini. To ku ji inda na samo ta.

Na shiga hannun Baba Mumuni a Zangon Sokode ina da shekara goma sha biyu, kuma sai da na shekara huɗu kafin ya bar ni na taɓa aska. Aikina shi ne zuwa wurin majema in zaɓo fatar akuya, in murza ta a kan dutse har ta yi laushi, in daka karan dafi na jan rini, in roƙo kashin maƙera na haɗa kuloko, wato baƙin rini. Ni ke dama kullun rogo da muke manna fata da shi, a zuba masa ruwan ɓawon maɗaci don gara ta ɗanɗana ta bari. Masu dawaki na Kotokoli su zo neman ragama su tsaya maka a kai, mahauta su zo neman kube su ce jiya suke so, malamai su kawo littafi a yi masa tadarishi, bangon nan mai tauri, da gafakar da za a rataya shi. Baba yakan ce ɗinki ana warware shi, rini ana ƙara shi, amma yanka ba ya komawa. Na ji wannan magana har ta zame mini kamar kukan kaji, ina jin ta ba na sauraro.

Akwai kuma wata gora da ke rataye a saman rumfa. Duk guntun takardar da ke da rubutu, komai ƙanƙantarsa, cikinta ake jefa shi, ba a bari ya taɓa ƙasa. Na taɓa tambayar Baba ko har da rubutun Nasara. Ya ce shi bai iya karanta shi ba, balle ya san babu sunan Allah a ciki, saboda haka rubutu rubutu ne.

Aikin da nake son ba ku labari ya zo ne a shekarar da fara ta cinye gero, ciwo kuma ya bi awaki. Rijiyoyin majema suka bushe, fata ta zama abin nema da fitila. Jar fata uku kacal suka rage mana. Ina da shekara ashirin da biyu, na fara tara gemu, ina ganin hannuna ya kusa wuce na Baba, ladabi ne kawai ya hana ni faɗa.

A cikin wannan hali wani Bafaranshe da ke koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, ya sunkuyo rumfarmu. Saurayi ne, siriri, sai ya ninke biyu kafin ya shigo, shi ya sa ake ce masa Dogon Mushe, don Mushe muke ce wa kowane Bafaranshe. Ya koyi Hausar kasuwa, yana jin ta fiye da yadda yake faɗinta. Ya ajiye ƙunshi shida na takardu, kowanne ɗaure da igiya, ya nuna mana inda gara ta fara lasar na ƙasa. Yana so a ɗinke kowane ƙunshi ya zama littafi, a sa masa bangon fata.

Baba ya tambaye shi mene ne a ciki. Mushe ya ce shi ma ɗalibi ne, karatun tarihi yake, bai gama ba aka turo shi nan. Wai lokacin da Amurka take sabuwa, ta rabu da Ingila ke nan, ta aiki wani mutum wurin sarauniyar Rasha don a san da zamanta a cikin ƙasashe, a kuma yi ciniki. Mutumin ya isa birnin, ƙasar da ruwa ke daskarewa ya zama dutse, ya zauna wajen shekara biyu yana jiran a kira shi fada. Ba a kira shi ba, ya tattara ya koma gida. Mushe ya ce ya yi shekara huɗu yana kwafe wasiƙun da aka rubuta a kan wannan tafiya da hannunsa, a wani gidan ajiyar tsofaffin takardu a ƙasarsu, kuma babu wani kwafi a duniya sai wannan.

Baba ya daɗe yana tauna goro. Sannan ya ce, “Wato mutum ya je, ba a gan shi ba, ya dawo. Kai kuma za a ba ka malanta a kan haka?”

Mushe ya yi dariya ya ce haka ne.

“Wa ya saukar da shi a garin? Wane ne mai masaukinsa?”

Mushe ya ce ai jakada ne, da takardar ƙasarsa ya je. Baba ya girgiza kai, ya ce a nan Zango ko Bagonje ya zo da kayan goro ba ya tunkarar kasuwa da kansa, sai ya sami maigidan da zai shige masa gaba. Takarda ba ta san hanyar ƙofar baya ba. Mushe ya ciro ɗan littafi daga aljihu ya rubuta wani abu. Ni ina gefe ina dariya a ciki, ina cewa wannan jakada ai sakarai ne.

Kashegari Baba ya kama hanyar Langabu, an ce ana samun fata a can. Abin da ya bar mini kalma biyar ce: ka ɗinka yadda ya kawo.

Da na kwance igiyoyin sai raina ya ɓaci. Takardun malamai da na saba da su duk tsayinsu ɗaya, ka jera su kamar an yi musu aski. Waɗannan kuwa, wata doguwa, wata guntuwa, wata shuɗiya, wata an yago ta daga littafin lakwal, duk a cakuɗe cikin ƙunshi guda. Na ce Allah sarki, mutum mai ilimi amma ba shi da tsari. Ga shi kuma fata uku ba za ta rufe littafi shida ba. Sai na yi abin da na ga mai hankali zai yi. Na baje su duka a tabarma, na haɗa dogaye da dogaye, gajeru da gajeru, shuɗɗa da 'yan uwansu, suka tashi kashi uku. Na buga gindin kowane kashi a kan allo ya daidaita, na danne da ƙarfe, na wasa aska, na bi saman na yanke duk abin da ya yi tsini, har ya yi daidai da faɗin fatar da nake da ita. Na lura akwai 'yan ƙananan rubutu a saman kowace takarda, amma na ga babban rubutun yana tsakiya lafiya lau, na ce waɗannan ƙura ce. Har na ɗauki tsintsiya zan share yankakkun zuwa murhu, sai na tuna nauyin tafin hannun Baba, na kwashe su na cusa a gora.

Takardar shimfiɗa da ake sawa ƙarƙashin fata ta ƙare mini a bangon farko. Na duba cikin na Mushe na ga wata mai layi biyu kawai, sauran duk fari. Na ce wannan ba ta da aiki a can, bari ta yi aiki a nan. Na shafa kullu a gefunanta na binne ta a cikin bangon.

Bangon nan kuwa, ban taɓa yin kamarsa ba, har yau ban sake ba. Ja ne, na fere saman fatar da bakin aska na fitar da zane, na zagaye shi da kuloko, na yi masa harshe mai rufewa. Kafin in gama aka aiko wa Mushe cewa an mai da shi Dapango. Ya zo da safen da kamyo, babbar motar kaya, zai tashi, ya shafa bangon, ya shinshina, ya ce a birninsu ma sai an tona. Zai buɗe na riƙe hannunsa, na ce kullu bai bushe ba, ya danne su da dutse kwana bakwai. Wannan kaɗai ce gaskiyar da na faɗa a aikin. Ya tafi, ni kuma na yi sati uku ina tafiya a Zango kamar ƙasa ba ta ishe ni ba.

Direban kamyon ne ya kawo saƙo, kuma bai kawo shi a asirce ba. A tsakiyar kasuwa, gaban mahauta, ya ce Dogon Mushe ya buɗe littattafansa ya zauna a ƙasa ya kama kai. Ashe ƙurar da na yanke ita ce lambar kowace takarda, da ranar da aka rubuta wasiƙar, da wanda ya rubuta ta. Yanzu jakadan yana komawa gida kafin ya iso, ana ba shi amsa kafin ya yi tambaya, ba a san maganar wa ce ta wa ba.

Baba ya dawo ke nan da kwana biyu. Bai ɗaga murya ba. Ya tambaye ni ina yankakkun, na nuna sama. Ya sauko da gorar ya leƙa, ya toshe bakinta da tsumma, ya ɗora mini a cinya tare da ƙullin goro. Ya ce in tafi Dapango. In takardun sun koma yadda suke, in zo masa da shaida daga hannun Mushe. In ba su koma ba, in bar askata a can, in nemi wata sana'ar, ya ji ana neman masu fasa dutse a hanyar Kara.

Kwana huɗu muka yi a hanya, ina kan buhunan gishiri rungume da gora kamar mai jego. A Mango, wurin tsallaka kogi, na ɗora ta a kai har muka haye, mutane suna tambaya ko maganin wani sarki ne.

Ina sauka na tambayi gidan malamin lakwal, na nufi ƙofar gaba kai tsaye, na rangaɗa sallama. Ai da saƙon maigidana na zo, wa zan nema? Taga ta buɗe, na ga dogon hanci, taga ta rufe. Sai wani dattijo Bamoba ya zagayo daga baya da ludayi a hannu. Shi ne kukun gidan, sunansa Duti. Ya dube ni daga sama har ƙasa ya ce, “Kai ne wanzamin takarda?” Ya ce Mushe ya daina cin abinci sosai, kuma ya ce ko inuwar baduku ba ya son gani. Na ce zan jira. Ya ce ga ɗorawa can, ba ta kori kowa ba.

Na yi kwana shida a gindin ɗorawar nan. Da safe Mushe ya fito zuwa lakwal, in miƙe in cire hula, ya wuce kamar ya ga turmi. Da azahar ya dawo, in sake miƙewa. Matan da ke wucewa kasuwa da tulunan burkutu suka saba da ni, har suna tambayar ko an kira ni fada. Direban ya riga ya baza labarin jakadan Amurka, don haka kafin kwana uku duk Dapango ta san sunana Jakada. A rana ta shida ina kallon Duti yana fama da wuƙarsa da kubenta ya yage, sai tambayar Baba ta faɗo mini kamar an jefe ni da ita: wane ne mai masaukinsa? Na yi wa Ba'amurke dariya a Sokode, na zo Dapango na taka sawunsa ɗaya bayan ɗaya. Shi ko ba komai bai taɓa zama a Zango ba.

Na zagaya ƙofar baya, na durƙusa, na ajiye goron Baba a gaban Duti. Na ce, “Baba Duti, ni baƙo ne a garin nan, ba ni da kowa. Ka zama maigidana.”

Ya ce, “Kwana shida kana gaida taga, sai yau ka ga mutum?”

Na ce wauta ce. Ya ce ya sani, tun ranar farko ya gani, jira yake in gani. Na karɓi kuben na ɗinke masa, na haɗa da takalminsa. Ya ce in ba shi guda ɗaya daga abin da ke cikin gorar. Da safe ya shimfiɗa ɗan yankin a faranti, gefen kofin gahawa, ya kai ciki. Ban gama kurkure baki ba na ji ƙofa ta bugu. Mushe ya fito ba takalmi, riƙe da guntuwar takardar, yana tambaya ko akwai saura. Na ɗaga gorar.

To a nan aikin yake, ku da kuke cewa ko makaho ya iya. Na warware ɗinkin littattafan uku, na ajiye bangayen gefe da niyyar in mayar da su. Muka baje takardu a barandar gidan, muka danne kowace da tsakuwa saboda iska. Yankakkun ɗaruruwa ne, sun nannaɗe kamar taliya, sai da na bi su ɗaya ɗaya da ɗumin dutsen guga na Duti. Mushe ya fara gwada haɗa su ta ma'ana, ya yi yini guda ya sami bakwai. Ni ban san ma'ana ba, sai na bi ta inda na sani. Askata tana da ɗan giɓi a baki wanda nake ɓoye wa Baba, kuma duk inda ta bi takan bar ɗan tudu kamar ƙwayar gero. Tudun yana jikin takardar, gurbinsa yana jikin yankin. Bayan wannan sai launi, sai kauri, sai kawunan dogayen haruffa da na raba biyu, rabi a sama rabi a ƙasa. In na ga sanda ta hau kan sanda, ƙugiya ta kama ƙugiya, in miƙa wa Mushe, ya karanta lambar, ya kai ta gidanta. Sannan in manna da siririyar takarda ta baya. Haruffan da na fara sani a duniya rabi rabi ne, shi ya sa da na shiga ajin manya na ga sun cika mini ido.

Mun yi kwana goma sha tara a haka. Tun yana yi mini magana ta bakin Duti, ko da muna zaune gwiwa da gwiwa, har ya gaji ya fara yi da kansa. Wata rana ya tambaye ni me nake yi a gindin ɗorawa duk tsawon yini, don wasiƙun ba su faɗi abin da mai jira yake yi da rana ba. Na ce kwana biyun farko ina gyara jawabin da zan yi. Na uku na manta jawabin. Daga nan na san kajin gidan ɗaya ɗaya, na san wadda ke satar ƙwai. Kuma ba zaman ne ke hana mutum tashi ba, tunanin fuskar wanda ya aiko shi ne. Ya ciro ɗan littafin nan ya rubuta. In akwai kaji a cikin tarihin Amurka da Rasha, nawa ne.

A rana ta ƙarshe kowace takarda ta sami kanta, sai yanki ɗaya ya rage a tabarma ba shi da jiki. Mushe ya karanta shi. Ya ce takardar da ta ɓata ita ce amsar da fada ta ba jakadan, layi biyu ce kawai, amma duk littafin a kanta ya tsaya. Ya ce wataƙila gara ta cinye ta tun a Sokode, ba laifina ba ne, ya gode, zai rubuta wa Baba shaida.

Layi biyu. Na dubi jan bangon da ke jingine da bango. Ga shaida an ce za a ba ni, ga gara ta ɗauki laifi ba ta yi musu ba, ga aikin da ban taɓa yin irinsa ba. Na ce zan je in yi alwala, na fita, na zagaya ɗorawa sau biyu. Da na dawo na ce wa Duti ya ɗora ruwa a wuta. Na ɗauki bangon, na sa aska a tsakiyar zanen, don ta nan kaɗai za a shiga ba a taɓa rubutun ba, na tsarge shi daga sama har ƙasa. Na kara shi a kan tururi kaɗan kaɗan har kullun ya saki, na zare takardar da gashin kaza. Ta fito da ɗan jan rini a gefe, amma kowane harafi yana nan.

Mushe ya dube ta, ya dube ni, ya dubi bangon. Na tambaye shi me aka ce wa jakadan. Ya ce an ce masa ya ƙara jira. Duti ya yi dariya har ya zauna a kan turmi.

Na ɗinke su shida yadda aka kawo su, da fatar tunkiya mara rini da muka samo a kasuwar Dapango. Ba su da kyau ko kaɗan. Mushe ya ba ni wasiƙa a rufe, na kawo wa Baba. Ya kai wa wani akawu ya karanta masa su biyu, ya dawo ya jefa ta a gora, ya ce in je in dama kullu. Askata ta zauna a hannuna. Na riƙa gaya wa mutane cewa Bature ya rubuta takarda musamman yana yabon aikina, na shekara ashirin ina faɗa, wasunku ma sun ji daga bakina. Abin da ban taɓa haɗawa ba shi ne, daga ranar har shekara uku Baba bai sake yin tafiya ya bar ni da aiki ba.

Baba ya rasu, gorar ta zama tawa. Watan jiya, da malaminmu ya ce na iya haɗa kalma, na sauko da ita na lalubo wasiƙar. Na yi zaton Faransanci ce, ashe da Hausarsa ta kasuwa ya rubuta, da manyan baƙaƙe. Na sa yatsa na bi ta a hankali, ni kaɗai, ba wanda ya taya ni. Ga abin da ta ce: “Baba, jakadanka ya fi na Amurka, shi an gan shi. Mutumin kirki ne. Kada ka bar shi da aska shi kaɗai.”

Na mayar da ita gora. Wanda ya ce ko makaho ya iya, gobe ya zo da wuri, akwai kullu da za a dama.